Yadda Za Ka Tsare Kwamfutarka da Sirrinka da Manhajojin Kyauta

A shekarun da na shafe ina gyaran kwamfuta da buga wa ɗalibai takardu a Samaru, ƙorafin da aka fi zuwa mini da shi guda ɗaya ne: mutum ya shigo da filashi a hannu, hankali a tashe, ya ce duk fayilolinsa sun ɓace, babu abin da ya rage sai wasu gumaka masu ɗan kibiya a gindinsu. Wata ɗaliba ta taɓa zuwa da irin wannan matsala saura kwana biyu ta miƙa kundin digirinta. Ta ce, "Malam, don Allah ka duba mini, wata shida na yi ina rubuta shi." Aikin yana nan, ɓoye shi aka yi, kuma cikin 'yan mintuna muka dawo da shi. Amma da na buɗe laftof ɗinta sai na tarar an kashe mai gadin Windows tun ranar da aka saka mata Office na sata, kwamfutar ba ta karɓi sabuntawa ba fiye da shekara guda, kuma kalmomin sirrinta duk suna ajiye a burauza, wanda ya zauna a gaban allon zai iya karanta su. Matakan da ke biye su ne nake bi a kan kowace kwamfutar Windows da ta shigo hannuna, kuma babu ɗayansu da ake biyan ko kwabo. Abin da nake roƙon mai karatu shi ne ya bi su a jere yadda na kawo su, domin wanda ya fara da toshe ƙananan kafofin sirri alhali ɓarawo yana cikin ɗaki ya ɓata wa kansa lokaci.

Kafin ka taɓa komai

Ka fara da kwafe muhimman fayilolinka, wato takardun makaranta, hotunan iyali, lissafin kasuwanci da makamantansu, zuwa rumbun waje ko filashin da ka amince da shi, sannan ka cire shi daga jikin kwamfutar. Bayan haka ka rubuta Create a restore point a wurin bincike na Windows, ka kunna kariyar a kan rumbun C idan a kashe take, ka latsa Create, ka ba shi suna da kwanan wata. Wannan shi ne zangon da za ka koma idan wani saiti ya rikita maka kwamfuta. Ka tabbatar batir ya cika ko janareto yana da mai, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa tana iya hana kwamfutar tashi gaba ɗaya, kuma yawancin laftof ɗin hannu da ake sayarwa a Sabon Gari da PZ batirinsu ya riga ya gaji.

Sabuntawa

Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver, za ka ga irin Windows ɗin da kake da shi. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, ya kuma daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai ya buɗe wa masu sigar 22H2 wani shiri na ƙarin sabuntawar tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026, wanda ake iya shiga kyauta ta asusun Microsoft. Idan kwamfutarka tana iya ɗaukar Windows 11, wanda ke buƙatar wata na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, ka koma kansa. Idan ba ta iya ɗauka, ka yi tunanin Linux Mint, wani tsarin da ke maye gurbin Windows, wanda kyauta ne kuma yana tafiya a kan tsofaffin kwamfutoci.

Na san dalilin da ya sa mutane ke kashe sabuntawa: data tana da tsada. Amma ka tuna da WannaCry, manhajar garkuwa da bayanai da ta bazu a duniya a watan Mayun 2017 har ta tsayar da ayyuka a asibitoci da dama a Ingila. Microsoft ya riga ya fitar da maganin kafar da ta bi tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Hanyar da ta fi dacewa ita ce ka shiga saitin Wi-Fi ɗin wayarka a kwamfuta ka kunna Metered connection, don Windows ya rage jan data ba da izininka ba, ka kuma kashe raba sabuntawa da wasu kwamfutoci a ƙarƙashin Delivery Optimization. Sai ka ware rana ɗaya a wata, lokacin da ka sayi datar dare ko ka sami intanet mai yalwa, ka buɗe Windows Update da kanka ka bar shi ya gama. Microsoft yana fitar da sabuntawar tsaro ne ranar Talata ta biyu a kowane wata, don haka tsakiyar wata ya fi dacewa. A wannan zaman dai, ka buɗe Command Prompt ka rubuta winget upgrade --all, zai sabunta maka yawancin sauran manhajojinka a lokaci ɗaya.

Mai gadin da ke cikin gida

A nan nake so in daɗe, domin a nan ɓarna ta fi yawa. Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender, kuma ya isa ya tsare kwamfutar mutum ɗaya matuƙar an bar shi yana aikinsa. Matsalar ita ce, mai saka manhajar sata, ko Office ko CorelDRAW ko AutoCAD ko SPSS, yakan kashe shi don abin da aka fasa manhajar da shi ya yi aiki, kuma sau da yawa ba ya mayar da shi. Da ɗan gari akan ci gari. Ƙwayar cutar da ta shigo ta wannan hanya ta shigo ne da iznin mai gida, tana da iko daidai da nasa.

Ka buɗe Windows Security, ka shiga Virus & threat protection, sannan Manage settings. Ka kunna Real-time protection, da Cloud-delivered protection, da Tamper Protection, wanda shi ne ke hana wata manhaja ta kashe mai gadin ta bayan fage. Daga nan ka gangara ƙasa zuwa Exclusions, wato jerin wuraren da aka ce wa Defender kada ya leƙa. A kwamfutar da ba a taɓa ba, jerin nan babu komai a cikinsa. Na sha tarar da rumbun C baki ɗaya a ciki, ma'ana mai gadin yana nuna alamar kore a allo alhali an hana shi duba ko'ina. Duk abin da ka gani a nan wanda ba kai ka saka da saninka ba, ka cire shi. Sai ka koma Scan options ka zaɓi binciken da aka rubuta Offline a jikinsa: kwamfutar za ta kashe kanta ta tashi, ta yi bincike na kimanin minti 15 kafin Windows ya buɗe, lokacin da ƙwayoyin cuta ba su sami damar ɓuya ba. A ƙarƙashin App & browser control kuma, ka kunna duk abin da ke cikin Reputation-based protection, musamman toshe manhajojin da ke maƙalewa a jikin wasu su shigo ba a gayyace su ba.

Akwai kuma Controlled folder access, wanda ke hana baƙuwar manhaja canza fayilolin da ke cikin foldojin takardu da hotuna, kuma shi ne babban shinge daga masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa. A makon farko zai ɗan takura maka, saboda yakan tare har manhajoji na gari. Idan hakan ta faru sai ka ba wa wadda ka sani izini ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai wata manhajar rigakafi da lasisinta ya ƙare, irin waɗanda ake sayar da laftof da su, ka cire ta gaba ɗaya, domin zamanta yana iya sa Defender ya janye hannunsa, ita kuma ta daina karɓar sababbin bayanai. Dangane da manhajojin sata kuwa, shawarata ita ce a rabu da su: LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, Inkscape da GIMP suna aikin zane da gyaran hoto, sannan PSPP da jamovi suna yi wa ɗalibi yawancin lissafin da yake nema a SPSS, kuma dukkansu kyauta ne na halal.

Sharar abin da ya riga ya shiga

Manhajoji biyu nake amfani da su. Ta farko AdwCleaner ta kamfanin Malwarebytes, ƙarama ce, ba ta buƙatar a girka ta, aikinta kwashe manhajojin cusa talla da waɗanda ke canza maka shafin farko na burauza. Ka sauke ta daga shafin kamfanin kansa, ka latsa Scan, ka karanta jerin abin da ta samo kafin ka amince ta killace su.

Ta biyu ita ce Autoruns, daga cikin kayan Sysinternals da Microsoft ya saya a 2006. Tana nuna maka duk abin da ke tashi tare da kwamfuta, har da waɗanda Task Manager ba ya nunawa. Ka buɗe ta da ikon mai gida, wato ka latsa ta da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Run as administrator. A ƙarƙashin Options ka ɓoye abubuwan Microsoft don jerin ya ragu, sannan a Scan Options ka kunna duba VirusTotal, wani shafi mallakar Google da ke gwada fayil a kan manhajojin rigakafi kimanin 70. Ka mai da hankali kan shafukan Logon da Scheduled Tasks. Layin da ya yi launin ɗorawa yana nufin fayil ɗin ba ya nan, ba abin damuwa ba ne. Layin da ya yi ja-ja yana nufin ba a tantance wanda ya ƙirƙire shi ba, shi ne abin dubawa. Idan ka ga wscript.exe yana tayar da wani fayil mai ƙarewa da .vbs ko .js daga cikin foldar AppData ko Temp, mai suna kamar an watsa haruffa, to kusan tabbas shi ne ke lalata filashin duk wanda ya soka a kwamfutarka. Kada ka yi gaggawar gogewa. Ka cire alamar da ke akwatin gefensa, ka sake tayar da kwamfutar, idan komai yana tafiya daidai bayan kwana biyu sai ka goge shi. Gargaɗi ɗaya game da VirusTotal: duk fayil ɗin da ka ɗora a shafin yana iya isa hannun kamfanonin tsaro, saboda haka manhaja ake ɗorawa, ban da takardar banki, ban da hoton katin ɗan ƙasa.

Filashi

A gari irin Zariya, inda filashi ɗaya yake zagaya shagunan buga takardu daga Kongo zuwa Samaru a yini guda, wannan ƙofa ta fi intanet haɗari. Ka shiga saitin AutoPlay ka kashe shi. Ka buɗe File Explorer, a ƙarƙashin View ka kunna File name extensions, domin ka riƙa ganin ƙarshen sunan kowane fayil. Ta haka ne za ka gane cewa abin da ya yi kama da folda, amma sunansa ya ƙare da .exe, tarko ne. Idan filashi ya riga ya kamu, kada ka latsa ko ɗaya daga cikin gumakan masu kibiya. Ka fara sa Defender ya bincike shi, sannan ka duba harafin da kwamfuta ta ba shi, a ce E ne, ka buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter. Fayilolinka za su fito, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Ka kwashe su, ka wanke filashin da Format. Wannan ne muka yi wa ɗalibar nan. Daga ranar kuma na ba ta shawarar ta riƙa mayar da aikinta PDF ta tura wa mai shago ta WhatsApp ko imel, filashinta ya zauna a jaka.

Ka kuma buɗe wa kanka asusu na biyu marar ikon mai gida, wanda Windows ke kira Standard, ka riƙa aikin yau da kullum a cikinsa, ka buɗe wa yara da ƙanne nasu daban. Ta haka, yawancin manhajojin da suka nemi girka kansu sai an tambayi kalmar sirrin mai gida.

Abin da kwamfuta ke faɗa a kanka

Sai bayan an gama da ɓarayi ake zuwa kan sirri. Windows yana aika wa Microsoft rahoto kan yadda ake amfani da shi, yana kuma ba kowane asusu lambar talla da manhajoji ke bin sawunka da ita. A saitin Privacy za ka iya kashe lambar tallan, ka kashe ƙarin rahoton da ba dole ba a Diagnostics & feedback, ka kuma bi jerin Location da Camera da Microphone ka janye izini daga duk manhajar da ba ta da hujjar riƙe shi.

Saitukan nan a warwatse suke, shi ya sa nake amfani da O&O ShutUp10++, manhajar kyauta ta wani kamfani da ke Balin a Jamus, wadda ke aiki a Windows 10 da 11 kuma ta tattara su a allo ɗaya. Ba a girka ta, buɗe ta kawai ake yi. A gefen kowane saiti akwai alama: kore na nufin an ba da shawarar a yi, launin ɗorawa na nufin a yi da lura, ja na nufin kada a yi. Ka shiga Actions ka zaɓi Apply only recommended settings, kuma idan ta nemi ta kafa zangon komawa baya, ka amince. Kada ka yarda da zaɓin da ke aiwatar da komai baki ɗaya, domin a cikin jajayen akwai masu taɓa sabuntawa da wasu sassan kariya, sai ka wayi gari ka rushe abin da ka gina a matakan farko. Na taɓa yin wannan kuskure a kwamfutar wani malami lokacin da nake sabon sanin manhajar, washegari ya kira ni cewa makirufo ya ƙi aiki kuma yana da taro ta Zoom. Sai da na je har Tudun Wada na mayar masa da saitin. Tun daga nan, abin da ya shafi kyamara da makirufo da hannu nake yin sa. Ka sani kuma cewa manyan sabuntawar Windows sukan mayar da wasu saituka yadda suke a da, don haka ka adana zaɓinka a fayil ta menu na File, ka sake ɗora shi bayan kowace babbar sabuntawa.

Burauza da kalmomin sirri

Na fi karkata ga Firefox tare da uBlock Origin, wani ƙari da ake saka wa burauza wanda ke toshe tallace-tallace da masu bin sawu, ya kuma rage cin data sosai. A Chrome, cikakken uBlock Origin ya daina aiki saboda sauye-sauyen da Google ya yi, sai ƙaraminsa mai suna uBlock Origin Lite. A saitin Firefox ka zaɓi kariya ta Strict, ka kunna HTTPS-Only. A kowace burauza ka duba jerin shafukan da aka ba izinin aiko sanarwa ka share waɗanda ba ka sani ba, domin saƙonnin nan da ke fitowa a gefen allo suna cewa kwamfutarka ta kamu da cuta, ka latsa nan, daga shafukan yaudara suke zuwa. Ka cire duk wani ƙari da ba kai ka saka ba.

Kalmomin sirri kuwa, ka ɗauke su daga burauza ka mayar cikin KeePassXC, wanda ke ajiye su a kulle cikin fayil ɗaya a kwamfutarka kuma ba ya buƙatar intanet, ko Bitwarden idan kana so su haɗu da na wayarka. Kalma ɗaya za ka haddace, wadda ke buɗe sauran, ka yi ta doguwa, kalmomi biyar ko shida da ba su da dangantaka da juna, ban da sunan ɗa, ban da lambar waya, ban da shekarar haihuwa. Ka shigar da adireshin imel ɗinka a shafin Have I Been Pwned don ka ga ko ya taɓa fitowa a bayanan da aka sace daga wani kamfani; idan ya fito, ka canza kalmar a duk inda ka maimaita ta. Sannan ka kunna tantancewa mai mataki biyu a Gmail da Facebook da WhatsApp, kuma inda akwai zaɓi ka fifita manhaja irin Aegis ko Google Authenticator a kan saƙon waya, saboda ana iya sace waya ko a ƙwace layi. Google yana ba da lambobin gaggawa guda 10 na shiga asusu idan wayar ta ɓata. Ka rubuta su a takarda ka adana.

Idan an ɗauke kwamfutar

Kalmar sirrin shiga Windows ba ta hana wanda ya ɗauki laftof ya zare rumbun ya karanta shi a wata kwamfutar. Masu Windows Pro suna da BitLocker, wanda ke kulle bayanan rumbun baki ɗaya, wasu masu Home kuma suna da Device encryption a saitin tsaro. Ka duba ko a kunne yake, domin a sababbin Windows 11 yakan kunna kansa idan aka shiga da asusun Microsoft, mai kwamfutar ma bai sani ba. Wanda ba shi da ko ɗaya, VeraCrypt zai ƙirƙirar masa wani fayil da ke aiki kamar akwatin ƙarfe: ka latsa Create Volume, ka zaɓi girmansa, a ce gigabait 5, ka ba shi doguwar kalmar sirri, ka riƙa motsa linzami har layin da ke ƙasa ya cika. Idan ka buɗe shi zai fito kamar filashi, idan ka rufe shi babu mai ganin abin da ke ciki, har da mai gyara da ka bar wa kwamfutar ta kwana a shagonsa. Don tura 'yan takardu kaɗan kuwa, manhajar matse fayiloli ta 7-Zip ta isa, muddin ka zaɓi tsarin kullewa na AES-256 ka kuma aika kalmar sirrin ta wata hanya daban.

Babu wanda zai iya buɗe maka VeraCrypt idan ka manta kalmar, ko waɗanda suka ƙirƙire shi. Haka BitLocker yake da mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda kwamfuta kan nema ba zato bayan an canza mata wani ɓangare ko an taɓa saitin BIOS. Ka shiga asusunka na Microsoft daga waya, ka nemo mabuɗin a sashen na'urori, ka kwafe shi da biro a takarda, ka sake karanta shi lamba bayan lamba don ka tabbatar, sannan ka ajiye takardar a gida tare da takardun shaidar karatunka, nesa da jakar laftof ɗin.